Taro Biyu a Ƙasar Dakoro: Wa Ya Yarda, Wa Ya Yi Shiru?

Akwai taron da ake kira kowace shekara a gundumar Dakoro idan kaka ta yi nisa, an ɗaure dammai, sanyin hunturu ya fara leƙowa. Magana ɗaya ce ke tara mutane: wace rana za a saki gonaki dabbobi su shiga? Akwai kuma wani taron da ba a aika wa kowa takardar gayyata, na mata 25 ko 30 da ke shimfiɗa tabarmi kowane mako a gidan ɗayarsu, su ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya. Duka biyun ana tashi da "mun yarda". Duka biyun kuma akwai masu komawa gida zuciyarsu na cewa a'a. Abin da ya sa na ɗora su a sikeli ɗaya shi ne abin da ke biyo baya. Shawarar matan ana cika ta ko da ana gunaguni. Ta gonaki kuwa, sau da yawa ranar ba ta zo ba an riga an taka ta, kuma cikin masu takawar har da mutanen waɗanda suka shafa fatiha a zauren taro.

Sai mutum ya san inda Dakoro take kafin ya gane nauyin wannan rana. Garin yana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, daidai inda ƙasar noma ke sallama da ƙasar kiwo. Kudu da shi Kornaka ce da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi, inda gonakin hatsi da wake suka haɗe baki da baki. Ga Birnin Lalle, tsohuwar cibiyar Gobirawa, nan kusa. Arewa kuwa kwarin Tarka ne, sai Bermo wadda aka yanke ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, sai dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955. A watan Mayun 1961, Nijar ba ta cika shekara da samun mulkin kai ba, aka yi dokar da ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, wanda ya yi gona a can dabba ta ci ba shi da diyya. Layin yana nan a takarda, dokar kiwo ta 2010 ma ta sake tabbatar da shi. A ƙasa kuwa gonaki sun daɗe da tsallake shi, don jama'a ta ninka, ƙasar kudu ta gaji, farin 1973 da na 1984 ya kuma mai da makiyaya da yawa masu riƙe da hauya.

Da damina garkuna suna arewa. Ruwa na ɗaukewa, tafkunan can su fara janyewa, kafin Nuwamba da yawansu sun zama taɓo. Dole a gangaro kudu. Manomi shi kuma ya yanke hatsi, amma wake yana nan kwance, dawa ba ta gama bushewa ba. Ga wani sabon abu: a da abin da ya rage a gona na dabbar makiyayi ne, ya sauka ya kwana ya bar taki, a ba shi damin hatsi, matarsa ta kawo nono. Yau manomi yana da tumakin turka da shanun amalanke nasa, harawa da karan hatsi sun zama kuɗi a kasuwa, sai ya kwashe su tas kafin ya yarda ƙafar saniya ta shiga. Kwashewar kuwa tana cin makonni. Ɗaya na son a jinkirta, ɗaya na son a gaggauta, kuma babu wata rana a kalanda da za ta gamshe su duka.

Dokar 2010 ta tsara yadda za a yanke. Hukumar jiha ce ke sa hannu a kan ranar, bayan an ji ra'ayin hukumomin kula da filaye, waɗanda jama'a ke kira Kofo, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Su Kofo ɗin dokar karkara ta 1993 ce ta haife su, suna nan daga ƙauye har gunduma, inda shugaban gunduma ke jagoranta, ma'aikatan gona da na kiwo da na daji suna zaune, sarakuna da wakilan ɓangarori suna zaune. Yawanci ranar takan faɗo a Disamba ko farkon Janairu, kuma bayan ta wuce doka ba ta ba manomi damar neman kuɗin ɓarna. A takarda tsarin ba shi da laifi. An ce a ji ta bakin kowa.

Sai dai duk wanda ya taɓa zama irin wannan taro, a Dakoro ko a wani wuri, ya san yadda yake tafiya. Babba ne ke buɗewa. Ma'aikaci ya karanta rahoton yadda damina ta kasance, ya ambaci rana. Sarki ya yi godiya ga hukuma, ya yi kira ga zaman lafiya, ya ce ranar ta yi. Bayan an gama duk wannan ne ake waiwayowa a ce, "To jama'a, ko akwai mai magana?" Maigarin da ya san rabin mutanensa ba su tsinke wake ba zai miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, abin da kuka gani shi muka gani." Arɗon da ya baro shanunsa suna tsotsar laka zai ce, "Ranka ya daɗe, yadda aka yanke haka za mu bi." A yi addu'a, a sa hannu a takardar halarta, a watse.

Mai kallo daga nesa zai ce ragwanci ne. Ni ban ga ragwanci ba, lissafi na gani, kuma lissafin daidai yake. Arɗon nan ba yau kaɗai yake buƙatar maigari ba. A watan Afrilu, lokacin da rana ke dafa ƙasa, a bakin rijiyar garin zai tsaya yana neman a ba shi lokacin shayarwa. In ya ƙaryata mai rijiya a gaban manya a Disamba, da wane ido zai dube shi a bazara? Maigarin ma haka yake da sarki. Sunan garinsa a jerin waɗanda za a kai wa hatsin rahusa, shari'ar iyakar gonar da ke jira a fada, duk suna bi ta hannun mutumin da ya ce ranar ta yi. Mutanen Dakoro ba su manta 2005 ba, shekarar da cibiyoyin ciyar da yara suka cika, tiyar hatsi ta gagari talaka. Wanda ya ga wannan ya san darajar kada sunansa ya fita daga takarda. Ƙaramin manomi kuwa, in ma an gayyace shi, mai yiwuwa alhajin da ya ranta masa hatsi a tsakiyar damina yana zaune a layin gaba, kuma mai yiwuwa garken da ake magana a kansa na alhajin ne, don shanu da yawa a yau na masu kuɗin gari ne, Bafulatani kiwon kawai yake yi. A irin wannan zaure kowace "a'a" tana da farashi, kuma ba a ranar ake biya ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Kowane mai shiru yana zaton shi kaɗai ne. Maigarin ya dubi sauran masu gari ya ga sun sunkuyar da kai, sai ya ce a ransa ashe nasu waken ya shiga rumbu, ni ne na makara. Su ma abin da suke faɗa ke nan game da shi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya gwada wannan a 1951 da abin da ba ya buƙatar ilimi ko kaɗan. Ya zaunar da mutane ya nuna musu layuka a kan kati, a faɗi wanne ne ya yi daidai da wanne a tsawo. Duk na ɗakin an haɗa baki da su su faɗi amsar da ba daidai ba, ban da mutum ɗaya da bai san dawan garin ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin irin waɗannan mutane sun bi ƙaryar taro, kuma kimanin uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu na ganin gaskiya. Babu sarki a ɗakin, babu bashi, babu rijiya. Abin da ya fi jan hankalina a gwajin shi ne kashi na biyu: da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya faɗi ƙasa warwas, ya koma kusan kashi biyar cikin ɗari. Da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye ma, ya ragu sosai. Ashe yawan masu cewa "i" bai kai rashin abokin "a'a" ɗaure harshe ba.

Ƙara da harshe na zahiri. Rahoton da Faransanci aka saba rubuta shi, muhawarar da Hausa ake yi, Bafulatanin daji da Buzu kuwa suna jin Hausa amma ba da ita suke mafarki ba. Jayayya a gaban manya tana son ka iya lanƙwasa magana ta fito da ladabi. Wanda bai mallaki wannan ba yana tsoron ya buɗe baki ƙorafinsa ya fito kamar zagi, sai ya haɗiye. Wasu kuma sun shigo ne da yaƙinin an riga an yanke ranar a Maraɗi, an kira su ne su zama shaidu, su karɓi kuɗin zama in akwai. Ko zaton nasu gaskiya ne ko ba gaskiya ba, aikinsa ɗaya: mutum ba ya sayen gaba a kan maganar da ya tabbata ba za ta motsa komai ba.

Ba zan yi wa wannan shiru rashin adalci ba, yana da hujja mai nauyi. A watan Oktoban 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, kudu da Dakoro. An kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. Dattawan jihar Maraɗi suna ɗauke da wannan a zuciya. Idan dattijo ya ga magana za ta yi zafi a zaure ya ce "a bar ta haka nan", ba koyaushe ne don tsoron sarki ba. Ya san baki shi ke yanka wuya, ya kuma san rana maras daɗi da kowa ya ji ta fi rashin rana gaba ɗaya. Wannan gaskiya ne. Amma Toda ɗin tana da wata fuska da ba mu cika son dubawa ba. Taron da ya ɗauki makami shi ma taro ne. Ba na jin kowane namijin da ya bi ayarin ran nan ya fito ne da niyyar kisa a zuciyarsa. Halin da ke hana mutum ya ce "ranar nan ba ta yi mini ba" a gaban manya, shi ne ke hana shi cewa "ku tsaya" a gaban samari masu fushi.

Kuma ƙin da aka haɗiye a zaure ba ya narkewa. Kamar ruwan da aka tare wa hanya ne, sai ya ɓulle ta gefe. Arɗo ya koma ruga ya faɗi ranar, saurayin da ke riƙe da sanda ya dubi shanu ya dubi kalanda, ya san ba za su kai ba. Shi bai halarci taro ba, bai yi wa kowa alkawari ba, ya kuma lura uban nasa bai faɗi ranar da ƙarfin zuciya ba. Sai a gangaro da dare, ta burtalin da gonaki suka cinye gefensa har ya zama siririn da garke ba ya wucewa ba tare da ya taɓa shuka ba. Can kuma maigari ya koma ya sanar, mutanensa suka ce wakenmu fa? Ya ce, "Haka manya suka yanke." Kowa ya gane abin da wannan ke nufi. Ranar saki ta zo ta wuce, manomi yana nan yana korar dabba daga gonar da doka ta ce an sake ta, yana neman kuɗin ɓarnar da doka ta ce babu. Jayayyar da aka ƙi yi da baki a inuwa, a gaban jandarma da shaidu, sai a yi ta da sanda a daji, tsakanin yara biyu da ba su san me aka tattauna ba.

Yanzu a dubi ɗaya taron. Mata Masu Dubara ƙungiyar CARE ce ta fara su a jihar Maraɗi a 1991, ta ɗora su a kan adashin da mata suka gada. Kowace ta zuba daidai da ƴar'uwarta kowane mako. Abin da ya taru a ba mai buƙata rance na ɗan lokaci, ta mayar da ƙari, yawanci kashi goma cikin ɗari a wata. Akwatin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin kansa yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, da baki ake ƙirga kuɗi a bayyane, a riƙe lissafi a ka. Bayan wata tara zuwa shekara a fasa, kowace ta ɗauki rabonta da riba. Tsarin ya fita daga ƙauyukan Maraɗi ya bazu ƙasashen Afirka da dama, a Dakoro ma shirin CARE na jure sauyin yanayi da aka fara a 2010 ya jingina da irin waɗannan ƙungiyoyi.

Kada a zaci zaman lafiya lau ake yi a gindin akwatin nan. Ana musu, har murya ta tashi. Zubi zai tsaya a dala 20 ko a kai shi dala 50? A ba wance rance alhali ba ta gama biyan na baya ba? A sayi hatsi da kaka a ajiye har bazara, ko a bar kuɗi suna juyawa? Akwai ma masu ƙyamar ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, suna ganin riba ce da addini ya hana, suna kuma faɗa. Sai a ji wata ta ce, "Ni dai, Inna, ban yarda a saya ba, bara ma ƙwari suka ci rabi. Amma tunda kun rinjaye, ga nawa." Ta zuba. Mako mai zuwa ta dawo ta sake zubawa.

Wannan matar ta bi shawarar da ba ta so, daidai kamar arɗo. Bambancin shi ne ta faɗi nata, kowa ya ji, an san inda ta tsaya. In hatsin ya lalace, ba sai ta buɗe baki ba, za a tuna, kuma baɗi maganarta za ta yi nauyi. Ƙin nata ajiya ce. Na arɗo kuwa bai shiga kunnen kowa ba, in shanu suka rame babu wanda zai ce ai ya faɗa. Ita ta zaɓi abokan zamanta da kanta, shi tarar da nasa ya yi. Dalarta daidai take da ta matar maigari, makullin ma mai yiwuwa yana ɗaure a bakin zanenta. In an kayar da ita, kayen na wata tara ne, ranar rabo tana iya ɗaukar kuɗinta ta nemi wata ƙungiya. Shi in an kayar da shi, saniyar da ta mutu ba ta dawowa. Kuma a wurin matan masu yanke shawara su ne masu aiwatarwa, babu wakili, babu saurayi a daji da za a aika wa saƙo. Wadda ta karya alkawari mako ɗaya ne a gane, a ci ta tara a gaban kowa. Littattafan koyar da wannan tsari da aka rubuta daga baya har zaɓen shugabanni sun ce a yi shi a ɓoye, kowace ta jefa tsakuwa a jakar wadda take so, abin da Asch ya gano da alƙalami ke nan.

Ba aljanna ba ce. A nan ma akwai wadda ke yin shiru idan an ce a ƙara zubi, don faɗin "ba zan iya ba" tona asirin gidan miji ne. Sai ta yarda, ta ci bashi a waje ta cike, wata uku a nemi ta a rasa. Akwai ƙungiyoyin da shugabar ta zama sarauniya, ba a tsallake maganarta. Kishiyoyi biyu a tabarma ɗaya ma wani lokaci ba kan kuɗi suke ƙuri'a ba. Amma ko a nan, dubi inda shirun ya ɓullo: daidai inda daidaito ya karye, inda wata ta fi wata, ko inda faɗin gaskiya zai jawo abin kunya.

Shi ya sa ban yarda da masu ɗora laifin duka a kan al'ada ba, masu cewa Bahaushe kunya ce ta cuce shi, Bafulatani fulako ne ya ɗaure shi. Gaskiya ne muna girmama kawaici. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a lakcarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa kunya da haƙuri da ladabi cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su. Amma a jerin nan nasa har da gaskiya da amana. Kuma in kunya ce ke rufe baki, ai matan karkara sun fi kowa ita. Matar da ba ta iya ɗaga ido a gaban surukinta, wadda ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ita ce ke cewa "ban yarda ba" a gindin akwati. Halinta bai canza tsakanin gida da taro ba. An dai gina mata wurin da ƙi ba rashin kunya ba ne, ba ya kuma jawo mata asarar rijiya. Mijinta kuwa an kai shi wurin da babba ya riga ya yi magana, aka ce ya saki jiki.

Malamanmu na usulu sun daɗe da sanin wannan matsala. Sun yi muhawara mai tsawo kan abin da suka kira ijma'in shiru: idan malami ya ba da fatawa, sauran suka ji ba su ce komai ba, shin sun yarda ke nan? Da yawa, cikinsu har da Imamu Shafi'i, sun ƙi ɗaukar shiru a matsayin magana, don mai shiru yana iya zama mai tsoro, ko mai nazari, ko mai ganin girman wanda ya yi maganar. Waɗanda suka karɓa ma sun gindaya sharaɗin a tabbata babu abin da ya hana mutum magana. Misalin bin da ke zuwa bayan an faɗi ra'ayi kuma yana cikin tarihin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira. Manzon Allah (SAW) ya fi son a tsaya cikin Madina, ya bayyana haka, masu son a fita suka rinjaya, ya bi su. Da suka dawo suna nadama bayan ya sa sulke, bai warware ba. Ya faɗi ra'ayinsa, an ji, ya bi jama'a, ya kuma tsaya kan abin da aka yanke. Bin da ya zo bayan magana yana ɗaure mai shi. Wanda ya zo a madadin magana ba ya ɗaure kowa, don mai shi yana jin bai taɓa yin alkawari ba.

Masu mulki ne ya kamata su fi kowa tsoron nau'i na biyu, amma su ne suka fi son sa, don yana gama taro da wuri. A Disamban 1989 an zaɓi Janar Ali Saibu shugaban ƙasa da ƙuri'a fiye da kashi 99 cikin ɗari, shi kaɗai ne ɗan takara, jam'iyya ɗaya ce, MNSD. Wata biyu bayan haka, ran 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai suka fito zanga-zanga a gadar Kennedy a Yamai. Kafin 1991 ta ƙare taron ƙasa ya karɓe ikon daga hannunsa ya bar masa suna. Mutanen da suka jefa ƙuri'ar nan ba su sauya zuciya cikin wata ashirin ba. Abin da ke cikin ne ya samu abokin faɗa.

Hukuncina dai shi ne, tsakanin taron nan biyu, na matan ya fi kusa da abin da ake kira shawara, ko da yake shi ne mai hayaniya, ko da yake abin da ke gabansa bai kai na gonaki nauyi ba. Na san ba za a mai da zauren gunduma tabarmar asusu ba. Sarki ba zai zama daidai da arɗo ba, makiyayi ba zai ɗauki rabonsa ya nemi wata damina ba. Amma akwai abin da za a ara ba tare da an taɓa rawanin kowa ba. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, mai cibiya a Maraɗi tun farkon shekarun 1990, suna iya tara mutanensu su kaɗai kafin ranar taro, manoma ma a tara su su kaɗai, don wakili ya shigo da maganar jama'a a bakinsa, ya ce "an aiko ni", wanda ya fi "ni na ce" sauƙin fita. Gundumar da kudancinta da arewacinta ba sa girbi tare ba lalle ne rana ɗaya ta ɗaure su ba. In kuma wani ya ƙi, a rubuta ƙin nasa a takardar taro da sunan yankinsa, a ajiye ranar da za a sake dubawa bayan mako biyu.

Mafi araha cikinsu duka shi ne jerin masu magana, kuma wannan yana hannun shugaban gunduma da sarakunan Kornaka da Birnin Lalle da sauran masu rawani na ƙasar Dakoro. Allah ya ja zamaninku, a taron bana kada a ambaci rana tukuna. A fara da arɗon da ya zo daga mafi nisa, a tambaye shi da harshen da ya fi iyawa kwana nawa ruwan tafkinsa zai kai. A bi da maigarin ƙaramin ƙauye, a tambaye shi gona nawa ce wake bai fita ba. Ma'aikata su biyo baya, ku kuma ku yi magana a ƙarshe.